Shafin Da Ba Ya Jin Hannun Kowa Sai Nawa

Jama'a, kafin ku cika mani ƙasan rubutun nan da zagi, ku bari in ba ku labarin daga tushe, don wallahi ni kaina har yanzu ban san sunan da zan ba abin da na yi ba.

Ranar Talata da safe ina tsaye gaban madubi ina kokawa da ɗankwalin da ya ƙi zama, sai wayata ta yi ƙara a kan gado. Safiyo ne. Haka nake kiransa saboda aikinsa ke nan, awon filaye, kuma shekara biyu yana neman aurena. Bara aka mayar da shi aiki wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, to duk wadda ta aure shi can za ta zauna. Na ɗauki wayar da murmushina, kafin in gama karantawa murmushin ya gudu.

"Kawuna zai sake zuwa wajen Baba kan maganar aurenmu ranar Asabar. Ya ce in gaya miki gaskiya, wannan ne zuwa na uku, in aka sake ce masa a dakata shi kam ya gama. Ni ban gaji ba. Su ne suka gaji."

Na zauna a bakin gado, ɗankwalin ya zame ya faɗi ƙasa, ko kallonsa ban yi ba.

Kar ku ɗauka Baba ba ya son sa. Yana son sa har yakan tashi ya ba shi kujerarsa in ya zo shago, abin da Yayana da ya haifa ma bai taɓa samu ba. Matsalar ba Safiyo ba ne. Matsalar ni ce, da wani wayo da na yi shekara uku da suka wuce.

Baba kekunan ɗinki yake sayarwa da kayan gyaransu: allura, bel, kwarkwaro, fedal, da ƙananan sukurorin nan da in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai a yi masa addu'a. Da na gama karatun kwamfuta na dawo gida, na gina wa shagon shafin intanet. Manhajar da na ɗora shi a kanta fuska biyu gare ta. Akwai ciki, inda ake zuba rubutu da hoto, akwai waje, inda mai saye yake gani. Tsakaninsu kuma akwai wani ɗan ƙari da ke zuwa tare da manhajar, aikinsa ya ɗauki duk abin da aka zuba a ciki ya shirya shi ya fito da shi waje. Ni tela nake ce masa, irin telan da ke ɗinka wa kowa riga da awo ɗaya. Yana aikinsa dai, amma shafin ya yi nauyi, mai ƙaramar waya sai ya sha jira, lambobin kayan gyara kuma su hau kan juna.

Ni kuwa a lokacin kaina hayaƙi yake yi, ga sabuwar takardar shaida a hannu. Sai na cire telan ɗungurungum. Na zauna na rubuta nawa zubin da hannuna, guda uku tak: na rubutu, na hoto da farashi, da na jadawalin lambobi. Kai, ku zo ku ga shafi! Kafin ka ƙifta ido ya buɗe. Teloli daga garuruwan da ko sunansu ban sani ba suka fara kira suna karanto lambar abin da suke so. A shago aka daina ce mani Auta, aka koma Injiniya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, a cikin manhajar akwai nau'in abu sama da ashirin da mutum zai iya zaɓa in zai saka sabon abu. In ka zaɓi wanda ban yi wa zubi ba, babu mai fito da shi waje, sai shafin ya koma fari fat, da jan layi ɗaya na kuskure a sama. Bara da zazzaɓi ya kwantar da ni, Yaya ya shiga zai saka sabon keke, ya zaɓi abin da ya ga ya dace da ido, shafin farko ya yi fari har kwana biyu. Tun ranar ya rantse da girman Allah shi da kwamfutar nan har abada, ya koma teburin gyaransa. Baba kuwa ya yanke hukunci a gaban kowa: "Shafin nan hannun Auta kaɗai yake ji."

Wallahi a lokacin daɗi na ji, har da ɗaga kafaɗa. Ban san ƙofa nake rufe wa kaina ba.

Na fito falo na tarar da Mama tana ninke wanki a kan doguwar kujera, rigunan Baba gefe ɗaya, zannuwanta gefe ɗaya. Na miƙa mata wayar. Ta karanta tana motsa leɓe, ta miƙo mani, ta ɗauki wata rigar ta kakkaɓe.

"Ai Babanku bai ce a'a ba."

"Mama, bai ce e ba kuma. Shekarata ashirin da takwas fa."

"Ni na haife ki, ba sai kin ƙirga mani ba. Cewa ya yi a samu wanda zai riƙe shafin."

"Can ma akwai intanet, Mama. Daga can zan riƙa yi."

"Daga can za ki ɗauki hoton kayan da aka sauke? Daga can za ki hau tsani ki duba lamba a jikin kwali?" Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ke kika ɗaure abin nan, 'yar nan. Ke za ki kwance."

Ɗauko bare ya riƙe shafin kuwa, kar ma ku kawo maganarsa. An taɓa kawo wani, ya duba cikin shafin minti goma, ya yi tsaki ya ce sai an rushe komai an sake gini. Baba ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ce daga yau ba wanda zai taɓa masa shafi sai ɗan gida.

Ɗan gida. Ina saka takalmi kalmar tana yawo a kaina, sai na hango Anti, matar Yaya, tana shanya a tsakar gida. Shekararta biyar a gidanmu, 'yarta ta fara makaranta, kuma duk gidan ba mai kaifin kanta. Ita ke gyara wa Mama waya, ita ke karanta wa Baba takardar magani. Na ƙarasa wajenta da muryar roƙo.

"Anti, don Allah ki zo in koya miki saka kaya a shafi."

Ta tsaya da rigar makarantar 'yarta a hannu tana ɗiga. "Ni kuwa? Abin da ya kori Yayanki?"

"Yaya ai da guduma aka haife shi. Ke kwana uku ya ishe ki. Don dai ki riƙa taimakawa in ta kama."

Ku riƙe wannan maganar, don ita ce farkon laifina. "In ta kama" na ce mata. Ban ce mata kujerar gaba ɗaya nake so ta gada ba. Ta yi dariya ta ce to, saboda Safiyo za ta yi, don yaron yana da ladabi.

Bari in kwatanta maku inda nake aiki. Wani ɗan ɗaki ne a bayan shago, babu taga, sai fanka ɗaya mai kuka kamar tana jin yunwa. Kwalaye har rufi, warin man keke ya kama labule ya kama mayafina. A kusurwa akwai farin ƙyalle da nake shimfiɗawa in ɗauki hoton kaya. Ƙarfe takwas nake shiga, shida nake fita, kwana shida a mako. In an yi ruwa ko rana ta buɗe, sai dai in ji a bakin masu saye.

Ranar Talatar na fara gwada hanya mafi sauƙi: in mayar da telan da na kora. Na kwafi shafin gefe guda don kar in ɓata na gaske, na ɗora ƙarin, na buɗe. Innalillahi! Shafi ɗari shida da 'yan kai, duk suka fito kamar an zazzage jaka. Hotuna sun kumbura, jadawali ya karkace, farashi kuwa ya ɓace gaba ɗaya, don guraben da na ƙirƙira da kaina telan bai san da zamansu ba. Gyara su ɗaya bayan ɗaya aikin wata biyu ne, ni kuwa kwana huɗu gare ni. Na cire shi na kifa kai a kan tebur, na yi kukana fanka tana taya ni.

Saura hanya ɗaya, a ci gaba da tafiya babu shi. Laraba da Alhamis na rubuta sabon zubi huɗu: na bidiyo, na jerin hotuna, na sanarwa, na kanun shafi. Sauran nau'o'in na ɓoye su daga jerin zaɓi, ban da guda ɗaya mai suna jerin fayiloli da na bari don ina so in yi masa zubi in lokaci ya samu. Anti tana gefena a kan kujerar roba, da ɗan littafinta da biro.

"Wannan na ƙasan kar ki taɓa shi," na ce mata. "Ban gama da shi ba. Shi ne mai farar da shafi."

Ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Jama'a, matar nan wuta ce. Kafin azahar ɗin Laraba ta saka kwarkwaro da hotonsa da farashinsa. Ranar Alhamis ita ta shimfiɗa ƙyallen, ta ɗauki hoto, ta hau tsani ta karanto lamba, har ta kama ni da kuskuren lamba ɗaya da ya shekara a shafi. Sau goma sha ɗaya ta saka kaya, ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Muka yi ta dariya tana kwaikwayon yadda Yaya ke danna kwamfuta da yatsa ɗaya kamar mai kashe kiyashi.

Da yamma a mota na rubuta wa Safiyo: "Ka ce wa Kawu ya goge takalminsa."

"Da gaske?"

"Gobe da safe Baba zai gani da idonsa."

"Allah ya sa. Na sayi labule, ban san ko launin zai yi miki ba." Ya turo hoto. Labulen kore ne shar, mummuna na ƙin ƙarawa, amma na daɗe ina kallon tagar da ke bayansa.

Ranar Juma'a da safe na saka doguwar rigata ruwan toka wadda Baba ke cewa ta yi kama da ta manyan ma'aikata. Anti ta fito da atamfa shuɗiya da farin mayafi, har da ɗan turare. Ƙarfe tara Baba ya shigo ɗakin, ya ja kwali ya zauna, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. Yaya ya leƙo daga ƙofa da tsumman mai a kafaɗa. Na ajiye sabon fedal a kan tebur na ce Anti za ta saka shi a shafi daga farko har ƙarshe, ni ko tari ba zan yi ba.

Ta ɗauki hoton, ta zauna a kujerata, ta buɗe cikin shafin. Sai Baba ya gyara murya.

"To, bismillah. In kin iya, shi ke nan, kujerar ta zama taki. Auta ta tafi gidan mijinta, ke ki zauna mana a nan."

Na ga hannun Anti ya tsaya cak. Ba ta waiwayo ba, amma na ga wuyanta ya ƙage. Ta buɗe jerin zaɓi. Na hoto da farashi yana nan na biyu, wanda ta danna sau goma sha ɗaya. Ta wuce shi. Ta gangara a hankali har ƙasa, ta tsaya a kan wanda ta ja wa layi biyu a littafinta, ta danna, ta adana.

Shafin ya koma fari fat, jan layin nan ya fito a sama.

"Ka ji ba!" in ji Yaya daga ƙofa, har da tafa hannu. "Na faɗa maku abin nan aljani gare shi."

Baba ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Kafin ya yi magana aka ƙwala sallama a gaban shago, ya dogara sandarsa ya miƙe. "Ku gyara. Ina zuwa." Yaya ya bi bayansa.

Na tura ƙofar na jingina da ita. "Anti, da gangan kika yi."

"Da gangan na yi."

Ko musu ba ta yi ba, abin da ya ƙara ƙona mani rai ke nan. Ta goge abin da ta saka da dannawa biyu, shafin ya dawo garau. Sannan ta buɗe wayarta ta miƙo mani. Takarda ce daga makarantar koyon aikin jinya, da sunanta a sama, an ɗauke ta, za a fara karatu nan da mako biyu.

"Shekara huɗu ina nema, Auta. Sau uku ana ƙin ɗaukata. Yayanki ya sani, ya amince, muna jiran a gama maganar aurenki ne kafin mu gaya wa Baba, don kar abubuwa su haɗe masa." Ta share ido da gefen mayafi. "Kin ce in ta kama. Ba ki ce mani takwas zuwa shida ba. Kin san halin Baba, in ya ce kujerar nan tawa ce, Yayanki ba zai iya buɗe baki ba."

"To ni fa? Gobe Asabar."

"Na sani."

"In Kawu ya juya ba zai dawo ba."

"Na sani, ƙanwata. Wallahi na sani. Ki ba ni shekara uku kawai, in gama."

Shekara uku! Na kalli kwalayen nan, na kalli bangon da ya kamata a ce taga ce a jikinsa. Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, haushinta ma haka, kuma a ƙarƙashin duka biyun akwai kunya, don na san ni na yaudare ta ta shigo ɗakin. Wayata ta motsa a hannuna. Safiyo: "Yaya ake ciki? Kawu yana tambaya ko ya sayi tikitin mota."

Sandar Baba ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na matsa ya shigo shi kaɗai. Ya kalli shafin da ya dawo, ya kalli idon Anti, ya kalle ni. Baba ba yaro ba ne, shekara arba'in yana karanta fuskar masu ciniki.

"Auta, ni ban san kan abin nan ba, ke kika sani. Tsakaninki da Allah, ta iya ko ba ta iya ba?"

Anti ta ɗago ta dube ni. Ta haɗa tafin hannunta biyu a kan cinya.

Da ma in ce maku na yi dogon tunani. Ban yi ba. Na sunkuya ta kan kafaɗarta, ina jin ƙamshin turarenta, na buɗe wurin da manhajar ke ajiye tarihin duk wanda ya taɓa shafi. Ga sunanta nan a jere, Laraba da Alhamis, layi goma sha ɗaya.

"Ta iya, Baba. Duk waɗannan ita ta saka, ban sa mata hannu ba. Yau tsoronka ne ya sa hannunta ya zame."

Baba ya sa tabarau ya ƙirga layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Fuskarsa ta washe. "Madalla! Allah ya yi maku albarka ku duka." Ya miƙo mani hannu. "Kawo makullin ɗakin."

Na zare shi daga zoben makullaina, farcena har ya karye. Ya karɓa ya ajiye a gaban Anti, kusa da fedal ɗin. "Auta, ki gaya wa yaron nan mutanensa su zo gobe, ina jiransu ƙarfe goma." Ya fita yana kiran Yaya ya zo ya ji labari mai daɗi.

Abin da na shekara biyu ina roƙon Allah ke nan, ga shi an ba ni a cikin minti ɗaya. Na buɗe saƙon Safiyo zan rubuta masa, yatsuna suka ƙi. Ya ga na karanta, ya turo alamar tambaya, ya sake turo wata.

Anti ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Ta kashe fuskar wayarta ta kifa ta a kan tebur. Ta ɗauki makullin ta juya shi a hannu, ta gyara zama a kujerar, ta jawo ta kusa da kwamfuta. Sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba, da wata murya mai ladabi da ban taɓa jin ta yi mani ba.

"Injiniya, ƙarfe nawa ake buɗe ɗakin nan da safe?"